Rabin Magana a Gadar Tozo

Husna, ke kika dawo mini da tambayar daga gidan biki. Kika tsaya a ƙofar kicin kina murza bakin hijabi, kika ce wata tsohuwa ta nuna ki ta ce ai wannan 'yar wadda ta kwana a hannun 'yan sanda ce kan satar batir. Na ce za mu yi maganar, na ci gaba da yanka albasa. Ba mu yi ba. Kun san uwarku, magana ba ta fito mini daidai a baki, sai na zauna da biro. To ga shi na zauna, domin ke da Abba da Nuhu ƙarami, kafin wata tsohuwar ta ƙara muku gishiri. Ban kwana ba, ban kuma saci komai ba. Amma an kama ni hannuna cikin akwatin batir, an yi mini ihun ɓarauniya a tsakiyar Legas, kuma abin da na yi ranar shi ya raba Kawu Ɗanjuma da kujerarsa. Wannan duk gaskiya ne.

A shekarar ina ajin ƙarshe, ina karatun injiniyan sadarwa. Gidanmu na Agege kun san shi, bayan layin dogo, sai dai ba ku san shi da hayaniyar wancan lokacin ba. Inna na tuyar masa a baranda, Yaya Nuhu na jan tankar mai daga Apapa, in ya dawo gidan ba ya ɗaukar muryarsa. Babanmu ya rasu ina firamare, Kawu Ɗanjuma, yayan Inna, shi ya tsaya mana a madadin uba. Shi ya koya wa Yaya tuƙi, shi kuma ya ce a bar ni in ci gaba da boko lokacin da wasu ke cewa ya isa haka. Shi ne shugaban direbobin garejinmu, mutum ne da in ya ce "na ce", an gama. Ni kuwa ko gaishe shi na durƙusa yi sai in nemi muryata in rasa. Yaya yana kirana Kurma. A aji ma haka nake: in san amsa, in rubuta ta a gefen takarda, wani ya faɗa a tafa masa.

Makaranta ta tura ni koyon aiki wani ƙaramin kamfani a Isolo, ƙarƙashin wani injiniya da muke kira Oga Kunle. Aikinsu a kan wata gada yake, a hanyar fitowa daga Apapa, wadda direbobinmu ke kira Tozo. Gadar tana hawa ta yi doro sannan ta gangara, mai hawa ba ya ganin abin da ke gindinta sai ya ƙetare doron. A gindin nan kuma danfo, motocin hayar Legas, ke tsayawa ɗaukar fasinja, an hana sun ƙi hanuwa. Tanka cike da fetur kuwa ba ta tsayawa don direba ya so, sai ta gama shawara da nauyinta. Kamfanin ya kafa falwaya uku a gefen gadar, ɗaya a kan doro, ɗaya a tsakiyar gangara, ɗaya a ƙasa. Ta ƙasan tana da ido, in ta ga motoci sun tsaya sai ta sanar da 'yan'uwanta ta wayar da ta haɗa su. Kowace kuma tana da baki, wato rediyo mai gajeren zango da ke magana da wani ɗan akwati da aka ɗaura a gaban direba, babu waya a tsakaninsu. Falwaya ta aika alama, akwati ya ji, ya yi wa direba gargaɗi tun bai ga hatsarin da idonsa ba.

Direbobi suka ƙi. Suka ce munafuki za a sa musu a mota, ya riƙa kai wa masu mota labarin inda suka tsaya da gudun da suka yi. Kawu ne ya je Isolo da kansa, ya zauna aka yi masa bayani har ya gamsu, ya dawo ya tara gareji ya dafa ƙirji.

"In akwatin nan ya cuci wani, ni za a nema. A fara da motar ɗan ƙanwata."

Haka aka fara ɗaura shi a tankar Yaya Nuhu, sauran suka biyo baya.

Sai maganar murya. Yawancin direbobin ba sa jin Turanci cikin gaggawa, dole akwatin ya yi Hausa, kuma ni kaɗai ce Bahaushiya a ofishin. Na ce ba zan iya ba. Oga Kunle ya ce ba taro zan yi wa jawabi ba, bango zan gaya wa. Kawu ya amince bisa sharaɗi ɗaya, kada kowa a gareji ya san muryar wace ce. Aka rufe ni a ɗakin ajiya, aka rataya bargo a ƙofa, na faɗi jimlar da na zaɓa da kaina domin gajarta da tsabta: "Taka birki, akwai cunkoso a gaba." Ranar da aka gwada wa direbobi ita a tsaye a gareji suka kwashe da dariya, suka sa wa akwatin suna Gwaggo, wai ta cika faɗa. Yaya ya dawo gida ya zauna yana kallona yana cije leɓe.

"Gwaggo, a taimaka mini da ruwa."

"Nuhu, ka fita harkar yarinyar nan," in ji Inna. "Ka san Kawunku bai son a ji."

"Ni me na ce? Kurma ce ta yi magana, har a mota arba'in. Ba sai a yi sadaka ba?"

Kafin a buɗe wa akwatunan baki, sai da aka bar su suna yawo a motoci shiru, suna saurare kawai. Aikina shi ne in duba a kwamfuta yadda kowane akwati ya ji falwayoyin. A nan na lura da wani abu. Ƙaramar motar ofis in ta sauko, akwatinta yakan saki falwayar sama ya kama ta tsakiya, ya saki ya kama ta ƙasa, cikin tsari. Amma manyan tankoki, saboda tulin ƙarfen da ke bayansu yana tare sigina yana kuma maido da ita, akwatinsu yakan rikice a gangarar: ya kama wannan, ya koma waccan, ya sake dawowa, kamar yaron da mutum biyu ke kira lokaci guda. Na nuna wa Oga Kunle. Ya duba da kyau, don ba mutumin banza ba ne, ya ce ba komai, ai saƙon ɗaya ne ko daga wace falwaya ya fito. Na gyaɗa kai, domin gaskiya ya faɗa. An sa ranar Litinin za a yi bikin buɗewa, manyan baƙi za su zo, Kawu zai yi jawabi. Inna har ta ba da ɗinki. Oga Kunle kuma ya ce tun safiyar Asabar za a buɗe wa akwatunan baki, domin a samu abin nuna wa baƙi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muna cin shinkafa da wake, Yaya yana ba Inna labarin yadda 'yan tasha suka so tare shi a wata kwana, ɗaya har ya ɗafe ƙofa. Ya ce abokinsa Mamman yana zaune a gefensa a cikin motar.

"Sai ji na yi Mamman ya ce taka! Taka! Wallahi Inna ban san lokacin da na danne totur ba. Mutumin sai da ya yi tsalle."

"Da ka kashe ɗan mutane fa?"

"Ai ba ni ba ne, ƙafar ce. Kalmar nan ba ta bi ta kai, kai tsaye ƙafa take zuwa. Haka Kawu ya koya mana a kan tudu. In ya ce taka, ba ka tambaya."

Suka yi dariya. Ni cokali ya tsaya mini a hannu, ban san dalili ba tukuna. Yaya ya wanke hannu, ya ɗauki jakarsa, ya ce zai je ya kwana a layin defo don a yi masa lodi da safe. Sai da ƙarar babur ɗin okadar da ya hau ta ɓace sannan abubuwa biyun suka haɗu a kaina. A bakin direba, taka ita kaɗai ba birki take nufi ba, wuta take nufi. Akwatin kuma, na sani domin na karanta yadda aka tsara shi, duk lokacin da ya kama sabuwar falwaya yakan ɗauka sabon saƙo ne, ya katse maganar da yake yi ya faro daga farko.

Akwai akwati ɗaya a jakata da ƙananan rediyo biyu na gwaji. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa, na ajiye ɗaya a kan gado ɗaya a kan taga, na riƙa kunna wannan ina kashe wancan, yadda na ga tankoki na yi. Sai muryata ta fito daga akwatin, a tsaye, ba rawa.

"Taka. Taka. Taka. Taka bir. Taka."

Na kashe. Na sake, ko kuskuren hannuna ne. Haka ta sake faɗa. Na zauna a ƙasa ina ganin Yaya ya ƙetare doron gada da fetur cike a bayansa, danfo a tsaye a ƙasa mutane na shiga, ni kuma ina ce masa ya taka.

Na kira Oga Kunle. Na yi masa bayani ina in'ina, ya saurara har ƙarshe. Ya ce a ɗaki na gwada, ba a titi ba. Ya ce babu direban da zai ƙara wuta a gangara don akwati ya ce. Na ce a sauya jimlar, a fara da birki. Ya ce muryar a cikin kowane akwati take, sai an bi motoci ɗaya bayan ɗaya, wasu suna Ibadan wasu sun wuce, ba aikin kwana biyu ba ne. Na ce to kada a buɗe gobe. Ya ce bayan Litinin za mu duba, ya yi mini alkawari, in je in huta. Na kira Yaya. Yana cikin hayaniya, ya ji rabi ya yi dariya.

"Kurma, shekara nawa ina sauka Tozo? In Gwaggo ta dame ni zan cusa mata tsumma."

"Yaya, ka cire wayar akwatin. Don Allah."

"In cire, a ce ɗan ƙanwar shugaba ne ya fara cirewa? Ki bari. Za mu shiga layin defo, za a sa mu kashe waya."

Bayan la'asar na tafi gidan Kawu. Yana kan tabarma a ƙofar gida da dattawan gareji, ana maganar wanda zai zauna a ina ranar Litinin. Na durƙusa daga nesa na gaishe su, na kasa tashi na kasa magana, har ɗaya ya ce ko yarinyar aike ta kawo. Kawu ya taso muka shiga soro. Na faɗa masa, idona a ƙasa. Ya bar ni na gama.

"Kin gani da idonki a kan titi?"

"A'a, Kawu. Amma na…"

"Ogan naki ya yarda?"

"Bai yarda ba."

"To ni in fita in gaya wa mutanen nan me? In ce abin da na dafa ƙirji a kansa zai kashe su, shaidata kuma wasan da kika yi a kan gado? Sa'a, direba idonsa yake bi. Je ki gida."

Bai yi tsawa ba. Da ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Da safe na ce wa Inna zan je duba batir. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, domin duba batir ɗin falwayoyin aikina ne duk mako, makullan suna hannuna. A gindin kowace falwaya akwai akwatin ƙarfe, a ciki akwai batir da makunnin baki, ta ƙasa kuma har da na ido. Na riga na auna abin a raina. In na kashe komai, direbobin da aka gaya wa Gwaggo ta fara aiki yau za su ƙetare doro suna jiran gargaɗin da ba zai zo ba. Amma in na rufe bakin ta tsakiya da ta ƙasa na bar ta sama, akwati ba shi da wata muryar da zai koma wa. Zai ji ɗaya, ya faɗi jimlar har ƙarshe. Na hau danfo zuwa Oshodi, na sake wata, gosulo ya riƙe mu, na sauka na tare okada. Ban taɓa yi wa ɗan okada magana fiye da sunan unguwa ba, ranar na ce masa ya yi sauri har sau uku. Rana ta ɗaga, na san defo ta fara sakin motoci.

Na hau gadar a ƙafa ta gefen da masu talla ke bi. Fitilar falwayar tsakiya kore ce, an riga an buɗe. A ƙasa danfo biyu na tsaye, kwandasta na rataye yana kiran Mile 2, wata mata na ƙoƙarin shigar da kwandon kifi. Na durƙusa, na buɗe, na kashe baki, na rufe. Wannan bai ba ni wahala ba. Ina miƙewa na ji gadar tana rawa a ƙarƙashin ƙafata, wata tirelar kwantena ta wuce, iskarta ta kusa tafiya da hijabina. Ba tamu ba ce. Na gangara da gudu. Kwaɗon ta ƙasa ya yi tsatsa, ruwan sama na taruwa a wurin. Na sa makulli ya ƙi juyawa. Na cire, na goge da bakin hijabi, na sake. Na ɗaga kai na hango kan tanka fari ya leƙo daga doro, wata na biye da ita. Na ɗauki dutse na buga kwaɗon.

Bugun nan ne ya jawo su. An taɓa sace batir a wurin, don haka kamfani ya ɗauki wasu samarin ƙarƙashin gada gadi. Wanda ya san ni ba ya nan ranar. Kwaɗon ya buɗe, na tura hannu, sai na ji ihu a bayana.

"Ole! Ole!"

Ku da kuka tashi a Legas kun san abin da kalmar nan ke jawowa. Ɓarawo, da Yarbanci, kuma ba a cika jiran bayani ba. Wani ya damƙi hijabina ta baya ya ja, maɗaurin ya shaƙe ni. Yatsuna suna kan makunni biyu, ba na ganinsu, na ido a hagu na baki a dama. Na tuna haka domin ni na liƙa musu takarda. Na danne na dama, sannan na bari aka fizge ni. Na faɗi a kan gwiwa, mutane suka zagaye ni, wani ya kwashe ni da mari, wani na cewa a duba jakarta, wani na cewa irin su ne, su sa hijabi su ɓoye kaya. Ta tsakanin ƙafafunsu na ga tankar farko tana saukowa a hankali, birkinta na huci, ta tsaya bayan danfo da tazara. Ban san wace ce ba. A nan ne murya ta zo mini, ban san daga ina ba. Na ɗaga makullan sama na yi Yarbanci da ƙarfin da ban taɓa yi da Hausa ba, na ce ni ba ɓarauniya ba ce, ɓarawo ba ya zuwa da makulli, su kira mai kamfanin ga lambarsa. Wata tsohuwa mai gasa ayaba a bakin hanya ta ture su ta shigo, ta tsaya a kaina da mafici a hannu, ta ce ta sha ganina ina buɗe akwatin nan, wanda ya ƙara taɓa ni sai ya fara da ita. Ba su sake ni ba, amma sun daina duka. Suka kai ni ofishin 'yan sanda.

A kan benci na zauna, bayan kanta, leɓena a kumbure. Oga Kunle ya zo da rana, ransa a ɓace, ya ce ma'aikaciyarsa ce amma bai aike ta ba. Kawu ya zo bayansa da babbar riga, bai kalle ni ba, ya yi magana da wanda ya kamata. Kafin la'asar aka sake ni. Wannan shi ne kwanan da tsohuwar gidan biki ta ce na yi. A waje Oga Kunle ya ce zai je ya kunna abin da na kashe, in ba shi makullan. Na riƙe su a bayana. Na juya wajen Kawu, karo na farko a rayuwata na dubi tsakiyar idonsa.

"Kawu, ka ce ban gani a titi ba. Ka tuƙa da kanka gobe, da tanka. In ƙarya na yi, na bar makarantar."

"Kin san abin da kike faɗa?"

"Na sani. Amma har goben a bar su yadda na bar su."

Ya dubi Oga Kunle. Oga Kunle ya ɗaga kafaɗa, ya ce shi ma yana son a gama maganar.

Yaya ya dawo da yamma. Na tambaye shi me ya ji. Ya ce Gwaggo ta faɗi maganarta sau ɗaya, tiryan-tiryan, ya taka birki, ya tarar da danfo a ƙasa. Ya ce to ai kullum danfon na nan, me ya faru? Sai ya ga leɓena ya kawar da kai. Abin da ya fi ci mini rai ke nan a ranar: ba abin da ya faru, don haka ba ni da shaida.

Safiyar Lahadi titin ya yi sauƙi. Kawu ya ari tanka wadda ba kaya, ya cire babbar riga ya ninke, ya hau. Ya daɗe bai tuƙa ba amma hannunsa bai manta ba. Oga Kunle a tsakiya da kwamfuta a cinya, ni a bakin ƙofa. An kunna falwaya ukun, an kuma saita ta ƙasa ta ce akwai cunkoso ko da babu. Muka fara hawa. Kawu ya san abin da zai ji, na gaya masa, ya kwana da sani. Kafin doro akwatin ya fara, "Taka birki, akwai…" Muka ƙetare, hancin motar ya sunkuya, sai muryar ta katse.

"Taka. Taka. Taka."

Injin ya yi gurnani. Ba daɗewa, kamar ƙiftawar ido, amma motar ta zabura, bayana ya bugi kujera, kwamfutar ta zame daga cinyar Oga Kunle. Sannan birki ya kama, muka yi gaba, tankar ta yi ta huci har ta tsaya daidai inda danfo ke tsayawa. Ba kowa a wurin sai tsohuwar nan tana hura gawayi. Akwatin ya ƙarasa jimlarsa cikin natsuwa, akwai cunkoso a gaba. Kawu ya ja birkin hannu. Ya daɗe yana kallon ƙafarsa ta dama kamar ta wani ce.

"Ta riga ni," ya ce.

Oga Kunle ba ya jin Hausa, amma bai nemi fassara ba. Ya miƙa hannu ya zare wayar akwatin.

Ba a yi bikin Litinin ba. Kawu ne da kansa ya tara gareji, ya ce kowa ya cire, ya faɗi dalili bai rage komai ba. Labarin kama ni ya riga ya zaga, don haka kowa ya san muryar wace ce. Wasu suka ce Allah ya saka wa yarinyar. Wasu suka ce shugaba ya kawo musu ajali a akwati don a ɗauki 'yar ƙanwarsa aiki, da ba a kama ta ba da ba a ji ba. Shi ya ce a neme shi, suka neme shi. Da zaɓe ya zo bai tsaya ba, ya san ba zai ci ba. Masu ba kamfanin aikin suka janye na wani lokaci, ni kuma aka sallame ni tun wa'adina bai cika ba, saboda na taɓa kayan aiki ba izini, dole na maimaita shekara. Ban ga laifin Oga Kunle a wannan ba, doka ce, kuma shi ne daga baya ya kira ni lokacin da aka dawo da aikin, aka gyara yadda akwati ke kama falwaya, aka sake ɗaukar murya. Na ce a fara da birki, a kuma maimaita ta, ta yadda ko ina aka yanke maganar abu ɗaya za ta ce. Ɗinkin Inna ya zauna a akwati har bikina.

Abin da ya fi tsada shi ne Kawu. Ya daina zuwa gidanmu cin tuwon Juma'a. In na je gaishe shi ya amsa, ya tambayi karatu, shi ke nan. Shi ya ba da aurena, ya yi duk abin da uba ke yi, amma maganar Tozo ba ta sake fitowa daga bakinsa ba, ban kuma san ko fushi yake da ni ko da ƙafarsa ba. Inna takan ce in bar shi, babba ba ya son wanda ya ga faɗuwarsa, ko da shi ya tare shi. Na yi shekaru ina tambayar kaina ko akwai hanyar da zan bi in tsare Yaya ba tare da na kayar da Kawu ba. Na bi ta ofis, na bi ta soro. Ban ga ta uku ba, har yau.

Abba, kai za ka iya tuna lokacin da ciwon suga ya kama idon Kawu, nake kai shi asibiti a motata. Ranar farko ya tsaya a bakin mota yana jinjina, don bai taɓa shiga motar da mace ke ja ba. Ya shiga gaba, ya riƙe sandarsa tsakanin gwiwoyi, muka bar Agege. Muka hau wata gada, ba Tozo ba, muka fara gangara. Ni na ga motocin da ke tsaye a ƙasa, ƙafata ma tana kan birkin. Shi ba ya gani sosai, amma jikinsa ya san gangara. Na ji ya ja numfashi, leɓensa ya haɗu zai faɗi kalmar da ya yi shekaru yana faɗa wa yaran da ya koya wa tuƙi. Sai ya haɗiye ta.

"Birki, Sa'a," ya ce. "Birki."

Na tsaya. Ya juyo da fuskarsa wajena, yana neman inda nake.

"Haka kika ce a riƙa faɗa, ko?"

Na ce haka ne, Kawu. Ya gyaɗa kai, ya ce in mun dawo in biya da shi gidan Inna, ya kwana biyu bai ci tuwonta ba.